Tarihin Injin Kwale-kwale da Hanyoyin Gane Tsofaffinsa

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da injin kwale-kwale a wannan maƙala shi ne ɗan injin nan da ake ɗaurawa a bayan ƙaramin jirgin ruwa, wanda kansa ke sama, farfelarsa kuma ke cikin ruwa, ana iya kwance shi a saɓa a kafaɗa a tafi da shi gida. Wannan inji ya haura shekara ɗari yana aiki a duniya, har tsofaffinsa sun zama kayan tarihi da wasu mutane ke nema, suna tarawa, suna nazari, musamman a Amurka da Ingila inda aka fi ƙera su.

Manufar maƙalar ita ce ta bi diddigin tarihin injin a taƙaice, sa'an nan ta nuna yadda ake gane tsohon inji: wa ya ƙera shi, a wace shekara, kuma me aka sauya a jikinsa. Za a ga cewa aikin ya yi kama ƙwarai da na manazarcin tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Yawancin kamfanonin da suka ƙera waɗannan injuna sun rufe, saboda haka jikin injin ya zama babbar shaidar da ta rage, kuma shaida ce da gyara na ganganci ke iya shafewa.

2.0 Asalin Injin

Wani Bafaranshe mai suna Gustave Trouvé ne ya fara nuna inji mai irin wannan siffa. A 1881 ya ɗaura ɗan injin lantarki mai aiki da batir a bayan jirgi, ya tuƙa shi a kogin Seine a birnin Faris. Nauyin batir da saurin ƙarewar wutarsa suka hana abin yaɗuwa. A 1896 wani kamfani a New York, American Motors Company, ya ƙera 'yan kaɗan masu shan fetur, amma bai yi nisa ba. Wanda ya fara samun kasuwa sosai shi ne Cameron Waterman, wanda ya gwada nasa injin a kogin Detroit a 1905, ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1907, ya kuma sayar da shi da sunan Porto-Motor.

Duk da haka, sunan da ya fi shahara shi ne na Ole Evinrude. An haife shi a ƙasar Nowe a 1877, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa jihar Wisconsin ta Amurka yana ƙaramin yaro. A 1909 ya fara sayar da injinsa a birnin Milwaukee: silinda ɗaya, ƙarfin doki ɗaya da rabi, nauyi kimanin kilo 28. Matarsa, Bess, ita ce ta riƙe ofis da talla. Akwai wata ruwaya da ta shahara, cewa wata rana da zafi Ole ya tuƙa jirgi da filafili ya haye tabki don ya sayo wa Bess askirim, kafin ya komo ya narke, shi ya sa ya ƙudura ƙera inji. Wannan ruwaya ta yi wa kamfanin amfani ƙwarai wajen talla, har ta sa mutane da yawa suka ɗauka shi ne ya ƙago injin tun farko, alhali tarihi ya nuna an riga shi. Gudummawarsa ta haƙiƙa ita ce tsara inji mai sauƙi da za a iya ƙerawa da yawa: sandar juyi a tsaye, faifan ƙarfe mai nauyi a kwance a sama, giya da farfela a ƙasa. Wannan tsari shi aka gada har yau.

A Turai ma ba a zauna ba. Kamfanin Archimedes na ƙasar Suwidin ya fito da inji mai silinda biyu a 1912.

3.0 Bunƙasa da Haɗewar Kamfanoni

Wajibi ne mai son gane tsofaffin injuna ya san salsalar kamfanoni, domin a cikinta yawancin ruɗani ya samo asali.

A wajajen 1913 Evinrude ya sayar wa abokin kasuwancinsa, Chris Meyer, da rabonsa na kamfanin, saboda rashin lafiyar Bess, bisa sharaɗin ba zai sake shiga sana'ar ba sai bayan shekara biyar. Da wa'adin ya cika ya komo, amma sunansa ya riga ya zama mallakar wasu. Don haka ya raɗa wa sabon kamfaninsa suna ELTO, ya fito da inji mai silinda biyu a 1921, wanda aka yi amfani da alminiyom da yawa a jikinsa, nauyinsa bai wuce kilo 22 ba. Ke nan duk injin da ke ɗauke da sunan Evinrude daga 1914 zuwa 1928 ba daga hannun Ole ya fito ba. Nasa na shekarun 1920 sunan ELTO ke jikinsa.

A daidai wannan lokaci ne 'yan'uwan nan na gidan Johnson, waɗanda guguwa ta rushe masana'antarsu ta Terre Haute a 1913, suka fito da nasu injin a South Bend ta jihar Indiana, mai ƙarfin doki biyu da nauyin kimanin kilo 16. Suka koma Waukegan ta jihar Illinois a 1927, suka fara amfani da sunan Sea-Horse a 1929. A wannan shekara ta 1929 Stephen Briggs ya haɗe Evinrude da ELTO da Lockwood suka zama kamfani guda, Ole ya zama shugabansa. Bess ta rasu a 1933, Ole ya bi ta a 1934. A 1935 Briggs da Ralph Evinrude, ɗan Ole, suka sayi Johnson, wanda karayar tattalin arzikin duniya ta durƙusar. Daga nan aka sami babban kamfanin da aka fi sani da OMC.

Babban abokin hamayyarsu ya fito ne ta wata hanya dabam. A 1939 Carl Kiekhaefer ya sayi wata matacciyar masana'anta a Cedarburg, ya tarar da injuna kimanin 300 da wani babban kanti ya ƙi karɓa saboda ba su aiki da kyau. Ya gyara su, kantin ya karɓa, ya kuma nemi ƙari. Mafarin Mercury ke nan. A Ingila kuwa, injin Seagull ya fara fitowa daga kamfanin John Marston a Wolverhampton a 1931, daga baya John Way-Hope da Bill Pinniger suka karɓi aikin suka kai shi Poole, aka san shi da British Seagull.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da ƙera injuna don farar hula a Amurka daga 1942, masana'antu suka koma yi wa soja aiki. Manyan injunan Evinrude masu ƙarfin doki 50 na cikin waɗanda suka ƙetarar da sojoji kogin Rhine a 1945. Bayan yaƙi kasuwa ta buɗe ƙwarai, shekarun 1950 suka zama lokacin da aka fi ƙera injunan da ake tarawa a yau. Sa'an nan Japan ta shigo: Tohatsu a 1956, Yamaha a 1960, Honda a 1964, Suzuki a 1965. British Seagull ya daina ƙera inji a 1996. OMC ya karye a ƙarshen shekarar 2000, kamfanin Bombardier na Kanada ya sayi sunayensa a 2001, aka kuma daina ƙera Evinrude baki ɗaya a 2020.

4.0 Hanyoyin Gane Tsohon Inji

Manazarcin rubutun hannu ba ya dogara da sunan da aka rubuta a bangon littafi kaɗai. Yakan duba ƙarshen rubutun inda mai kwafa ya ambaci kansa, ya duba irin hannun, ya ɗaga takardar ga haske ya ga alamar masana'antarta, kamar alamar wata uku ta takardun da ake kawowa daga Italiya. Haka mai nazarin inji yake tara shaidu huɗu, ya auna wannan da wancan.

4.1 Suna

Sunan da ke jikin tanki ko murfi shi ne abin da ido ke fara gani, shi ne kuma mafi raunin shaida. Dalili na farko, manyan kantunan Amurka sun riƙa sayen injuna daga masana'antu suna manna musu nasu sunan. Kantin Sears ya sayar da Waterwitch wanda kamfanin Kissel ya ƙera, daga baya ya sayar da Elgin wanda West Bend ya ƙera. Kantin Western Auto ya sayar da Wizard, wanda na shekarun 1940 zuwa tsakiyar 1950 aikin Kiekhaefer ne. Sea King na kantin Montgomery Ward kuwa ya fito daga masana'antu dabam-dabam gwargwadon zamani, ciki har da Gale, reshen OMC da ke Galesburg, wanda har ila yau ya ƙera Sea-Bee na Goodyear. Ashe ke nan injuna biyu masu suna ɗaya na iya zama ba dangin juna ba, biyu kuma masu suna dabam su zama 'yan ɗaki ɗaya. Dalili na biyu, murfi da tanki abubuwa ne da ake saurin musanyawa idan sun lalace. Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane.

4.2 Lamba

Shaida mafi ƙarfi ita ce lambar samfuri da lambar jeri. A tsofaffin injuna na farko akan same su a bugge a kan faifan sama ko a jikin tanki. A na baya kuma suna kan ɗan allon ƙarfe da ke maƙale a mariƙin da ake ɗaure injin da shi a jirgi. Injunan OMC da yawa suna da wani ɗan ƙarfe zagayayye, kamar kwabo, a jikin kan injin, wanda aka sake buga lamba a kansa. Idan lambar allo da ta wannan kwabo suka saɓa, to an ɗora kan wani inji a ƙafar wani.

Kowane kamfani da nasa tsarin. Mercury ya fi dogara da lambar jeri, wadda sai an duba jadawali kafin a san shekararta. Johnson na bayan yaƙi ya yi amfani da haruffa biyu da lamba, alal misali QD-10 na 1949, lambar tana hawa duk sa'ad da aka sabunta samfurin. British Seagull, daga 1963, ya riƙa buga harafin wata da lambar ƙarshe ta shekara: A ita ce Janairu, B Fabrairu, har zuwa M ta Disamba, an tsallake harafin I don kada a ɗauke shi lamba 1. Saboda haka C5 na nufin Maris 1965. Daga 1973 aka riƙa ninka harafin, watau CC5 ta zama Maris 1975.

Tsarin da zai fi jan hankalin manazarcin adabi shi ne wanda OMC ya ɗauka daga 1980. An zaɓi kalmar Ingilishi INTRODUCES, mai haruffa goma waɗanda babu wanda ya maimaitu, aka ba kowane harafi lamba: I ita ce 1, N 2, T 3, R 4, O 5, D 6, U 7, C 8, E 9, S kuma sifiri. Haruffa biyu da ke kusa da ƙarshen lambar samfuri su ne shekara. Inji mai lambar da ta fara da J15RCN Johnson ne, mai ƙarfin doki 15, wanda ake tayarwa da igiya, CN kuma ta nuna 82, watau 1982. Duk wanda ya san ramzi, yadda marubuta waƙoƙin ajami ke ɓoye shekarar waƙa cikin haruffa a baitocin ƙarshe, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

4.3 Ƙira

Idan allo ya ɓace ko tsatsa ta cinye lamba, sai a koma ga ƙirar injin. Injunan farko, na kafin 1920, zubin ƙarfe ne da tagulla, silindarsu guda tana fuskantar cikin jirgi, kuma da wani ɗan maƙulli na katako a kan faifan sama ake juya su su tashi, abin da ya sha fasa wa masu jirgi yatsu. A shekarun 1920 alminiyom ya yawaita, aka sami silinda biyu masu kallon gefe da gefe, aka kuma koma naɗa igiya a kan faifai a fizga. A tsakiyar shekarun 1930 aka fara rufe kan inji da murfi, igiya mai komawa da kanta ta soma bayyana. A 1949 Johnson da Scott-Atwater suka fito da giya mai gaba da baya da tsayawa. Kafin nan yawancin injuna da sun tashi sai jirgi ya zabura. Tankin mai da ke zaune dabam a cikin jirgi, mai tiyo biyu a manne, wanda iska ke tura man cikinsa, alama ce ta injunan OMC na shekarun 1950.

Ƙarfin dokin da aka rubuta ma yana bukatar lura. An san Kiekhaefer da rage adadin da yake rubutawa a wasu injunansa, don su riƙa tsere wa na abokan hamayya masu lamba ɗaya da su. Daɗin daɗawa, a tsakiyar shekarun 1980 kamfanoni suka koma auna ƙarfi a wurin farfela maimakon a kan inji, don haka lamba ɗaya ba ta nufin ƙarfi ɗaya a zamunna biyun.

4.4 Launi

Launi shaida ce mai taimakawa muddin fentin na asali ne. Johnson kore ne daga bayan yaƙi har zuwa 1955, ya koma ja mai duhu a 1956 da 1957, daga baya ya zama fari. Evinrude na shekarun 1950 shuɗi ne. Mercury ya yi kore, ya yi fari, sa'an nan ya zauna a baƙi tun daga farkon shekarun 1960. Masu bincike kan leƙa ƙarƙashin mariƙi ko cikin murfi, inda rana ba ta kai ba kuma mai sabon fenti bai damu da shafawa ba.

5.0 Masu Tarawa

A 1965 aka kafa ƙungiyar Antique Outboard Motor Club a Amurka, mai mujalla da ake kira The Antique Outboarder. Membobinta kan haɗu a bakin tabki su baje injuna, su yi musayar kayan gyara, su kuma ɗaura su a jirgi su tuƙa, domin a wurinsu inji mai tashi ya fi wanda ke jingine. Ta hannun irin waɗannan mutane ne aka tattara jadawalin lambobi, da littattafan makanikai, da takardun talla, waɗanda da sun salwanta sa'ad da masana'antu suka rufe. Littafin Peter Hunn, The Old Outboard Book, na cikin waɗanda aka fi komawa gare su.

Tsufa kaɗai ba ya sa inji tsada. An ƙera ƙananan Johnson da Evinrude na shekarun 1950 da yawan gaske, har yau kuma ana tsintar su a rumbuna da gareji da araha. Abin da ke ɗaga daraja shi ne ƙarancin samfuri, da cikar kayansa na asali, da sanin hannayen da ya bi. Cikin waɗanda ake nema ido rufe akwai injunan tsere, da Silver Arrow wanda kamfanin babur na Indian ya ƙera na ɗan lokaci a wajajen 1930, da Clarke Troller na ƙarshen shekarun 1930, wanda silindarsa ma a cikin ruwa take aiki.

6.0 Gyara ko Adanawa

A nan ne ra'ayin masu tarawa ya rabu. Wasu na ganin a kankare inji tas, a sake fenti, a manna sabbin tambura, ya koma kamar ranar da ya bar masana'anta. Wasu kuma na ganin a wanke shi kawai, a tsayar da tsatsa, a gyara abin da zai sa ya tashi, a bar masa tabbansa. Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi ta fuskar tarihi. Fentin asali, da tambarin dillalin da ya sayar, da ɗinkin da wani makaniki ya yi wa tanki shekara sittin da suka wuce, duk bayanai ne. Injin da aka harhaɗa daga gawarwaki uku aka shafe da fenti guda yana da kyan gani, amma zai ruɗar da wanda zai yi nazarinsa nan gaba, kamar dai kwafin da mai kwafa ya gyara wa marubuci kalmomi bai faɗa ba. Garin neman gira akan rasa ido. Mafita ita ce duk wanda ya sauya wani abu ya rubuta, ya ɗauki hoto kafin ya taɓa, ya kuma ajiye tsohon abin da ya cire.

Rashin sanin shekarar inji na iya kashe shi ma ɗungum. Kusan dukkan tsofaffin nan irin waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, kuma ma'aunin ya sha bamban. Tsohon Seagull na son kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 10 na fetur. Yawancin injunan OMC na shekarun 1950 na son 1 cikin 24, sai daga 1964 aka koma 1 cikin 50. Wanda ya ba tsohon inji ma'aunin sabo ya bar shi da ƙishin mai, ƙarafansa su ci juna. Haka kuma tayar da shi a tudu ba ruwa yakan ƙone robar famfon da ke sanyaya shi cikin ɗan lokaci kaɗan.

7.0 Injin a Ruwayen Afirka ta Yamma

Injin kwale-kwale ba baƙo ba ne a tabkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, ko a kogin Kwara wajen Yawuri, ko a tabkin Cadi inda masunta da fataken kifi Hausawa suka daɗe suna harka a Baga da tsibiran da ke kewaye. A waɗannan wurare injunan Japan ne suka fi yawa, musamman Yamaha. Dokokin hana gurɓata iska da ruwa, waɗanda suka fara aiki a Amurka daga 1998, Turai kuma ta bi baya, sun kori tsohon tsarin gauraya mai daga kasuwanninsu, amma aka ci gaba da ƙera irinsa don Afirka da Asiya saboda sauƙin gyaransa.

Bambancin shi ne, a nan inji abin neman abinci ne. Ba a ajiye shi don kallo. Idan ya mutu akan fede shi a raba kayansa ga 'yan'uwansa, saura a kai wa maƙeran tukwane su narke. Ke nan tarihin shigarsa waɗannan ruwaye, da yadda ya rage aikin filafili da gora, da sunayen da makanikan bakin ruwa suka laƙaba wa sassansa, yana cikin ƙwaƙwalwar dattawan sana'ar ne, da kuma 'yan tsofaffin injunan da suka tsira. Fage ne da ya dace da masu nazarin harshe da sana'o'in gargajiya, hanyoyin da aka bayyana a sama kuma za su yi musu amfani wajen sanya wa abin da suka tarar shekara.

8.0 Kammalawa

An ga yadda injin kwale-kwale ya taso daga gwajin Trouvé na 1881, ya bunƙasa a hannun Waterman da Evinrude da Johnson da Kiekhaefer, da yadda saye da haɗewar kamfanoni suka sa suna ya daina nuna maƙeri. An kuma nuna cewa gane tsohon inji na bukatar a haɗa shaidar suna da ta lamba da ta ƙira da ta launi, a fifita lamba a kan suna, a kuma tuhumi kowace shaidar da ta saɓa wa sauran. Tun da masana'antun Seagull da Johnson da Evinrude sun rufe, nauyin adana wannan tarihi ya koma wuyan waɗanda injunan ke hannunsu, kuma abin da ake bukata gare su shi ne su karanta abin da ke jikin ƙarfen, su rubuta shi, kafin su ɗauki burushin fenti.